Batirin Babur ɗin Auta

"Tsaya! Kar ka motsa!"

Na ƙame a sunkuye, hannu ɗaya a iska, kamar wanda aka ɗauka hoto yana satar takalmi. Almakashina ne ya zamo daga aljihun gaban riga, ya faɗo kan tebur, ya yi 'yar rawa, ya kwanta dab da ƙwayoyin batirin da maƙwabcina Mai Rediyo ya jera a tsaye.

Ya miƙa hannu zai ɗauke. Yatsun suka ƙi, suna ta karkarwa a saman almakashin. Sai ya janye hannun ya ce, "Ɗauke da kanka. Ta gefe. A hankali."

Na ɗauke.

"Da ya hau kansu," in ji shi, "da yanzu ni da kai da rufin ɗakin nan muna sama, maƙwabta na kallo."

"Ai ni ne maƙwabtan."

"To ka gani, ko mai kawo ruwa babu."

Ya sa na kwashe duk wani ƙarfe da ke jikina na zuba a wata roba da ke bakin ƙofa: almakashi, reza, agogo, makullin shago, da zoben da ya daɗe a yatsana har ya yi wa kansa gida. Sai da aka sa sabulu kafin ya fita. Na tsaya a gabansa daga ni sai tumbi da sanƙo. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yanzu na fara kama da ma'aikaci.

Ni mai aski ne. Shagona yana kallon ƙofar gidansa, gidana kuma katanga ɗaya ce ta raba shi da nasa. Iyakar sanina da lantarki shi ne, in an ɗauke wuta kilifa ba ta aiki. Amma da aka sallamo shi daga asibiti, da leda cike da magani da maganganun likita masu laushi, irin laushin da ke gaya wa mutum ba a sa ran sake ganinsa, sai ya aiko a kira ni.

"Aron hannunka nake so," ya ce. "Shekara da shekaru kana yawo da aska a maƙogwaron mutane, ban taɓa jin ka yanka kowa ba."

"Waɗanda na yanka ba sa dawowa su ba da labari."

"Hannun dai ba ya rawa. Kan ne babu tabbas, shi kuma ina da nawa."

Mai Rediyo muke ce masa, ko da yake rabon da a kawo masa gyaran rediyo tun ina da gashi. Wayoyi yake gyarawa, da fanka, da tocila, da duk abin da ke da waya a ciki. Ɗakin aikinsa yana cikin gida, kusa da ɗakin kwanansu, ba ya ƙamshin komai sai dalma da ƙura.

Aikin da ya kira ni dominsa na Auta ne, 'yarsa ta ƙarshe. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a bayan gari, can bayan hawan nan da ke sa babura tari. Tsohon babur ɗinsa take hawa, har injin ya yi mutuwar da ba tashi. Kafin ciwo ya kayar da shi, ya riga ya cire injin, ya sa wa babur ɗin tayar baya mai injin lantarki a cikinta. Saura batir. Na kasuwa bai shiga gurbin da injin ya bari ba, wanda ya shiga kuma bai kwanta masa ba.

"Ban san wanda ya haɗa ba, ban san abin da ya cusa a ciki ba," ya ce. "Ba zan zaunar da 'yata a kan abin da ban ga cikinsa ba."

Tun da babur ya tsaya, rabin hanya Auta a ƙafa take yi, sauran rabin kuma a duk abin da ya tsaya mata. In an kira ta haihuwa, wani lokacin jaririn ke riga ta isa.

Ƙwayoyin litiyam ne, kowace kamar babban yatsa, ya ciro su daga matattun batiran kwamfuta da ya daɗe yana tarawa. Launinsu iri-iri: kore, shuɗi, ja, ruwan hoda. Kowace sai an yi mata caji, a bar ta ta huta a ga ko tana zubar da ƙarfinta a ɓoye, sannan a sa ta a wata 'yar na'ura ta zuƙe ta tas, a ga iya abin da cikinta ke ɗauka. Daga nan sai ya jera su a kiret ɗin ƙwai, masu ƙarfi ɗaya a kiret ɗaya. Da can yakan rubuta a jikinsu. Yanzu biro ba ya zama a hannunsa, don haka kiret ɗin ne kaɗai shaida.

"In ka sa raggo a layin jarumai," ya ce, "shi zai fara gajiya, ya yi zafi, ya ja sauran."

Na ce ashe shi ya sa ba a taɓa sa ni a kwamitin unguwa ba.

Nawa aikin shi yake kira ɗinki. A ɗora wani siririn ƙarfe mai kama da tef a kan kawunan ƙwayoyin, in danna masa wasu tsinke biyu na tagulla, shi kuma daga kujerarsa, matashi a bayansa, ya taka fedar na'urar da ke ba su wuta. Sai ka ji ƙyat! Ƙarfen ya kama. Hannu nawa, ƙafa tasa. In na danna a karkace ya ce, "Wannan askin na wa ne? Na maƙiyinka?" In na yi daidai ba ya cewa komai, sai ya gyara tabarau.

Mun ɗinka layukan farko ke nan aka yi abin. Na shigo da hantsi, na zuba ƙarafana a roba, na same shi zaune ya zuba wa tebur ido. An share teburin ƙal, an goge ƙurar da ta girmi Auta. Kiret-kiret ɗin suna nan a jere, gwanin sha'awa: korayen ƙwayoyi a kiret guda, shuɗaye a guda, jajaye a guda.

"Kai, ya yi kyau," na ce, don ni ba a rasa ni wajen faɗin abin da bai kamata ba.

Bai kalle ni ba. Ya ɗaga murya iya abin da ƙirjinsa ya bari. "Manaja!"

Haka yake kiran matarsa tun kafin in san su, wai ita ke riƙe da kamfanin, shi lebura ne. Ta leƙo, tsumma a hannu.

"Ke kika yi wannan?"

"Na ga sun cakuɗe ne, Baban Auta. Na ce bari in gyara maka."

"Kin gyara."

"Na yi ɓarna ne?"

Ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau. Na matsa kusa da ƙofa, don na san faɗan mata da miji, mai raba su shi ke kwana da kumburi. Amma sai ya ce, a hankali, "A'a. Sannu da aiki. A sake min shayi, wannan ya huce."

Da ta fita ya ce, "Sai mu sake gwaji. Daga fari."

Mako guda cur ya tafi a wannan.

Ranar da abin ya faru, da yamma zan fita, ta tare ni a tsakar gida, wajen igiyar shanya. Tana kwashe kaya ba ta kallona.

"Mai Aski, tsaya."

"Na'am, Yaya."

"Ba kwalliya ce ta sa ni ba."

Na kasa kunne. Ba halina ba ne, amma na yi.

"Ka tuna ranar da aka ɗauke wuta, ba ku yi aiki ba? Ko shayi bai kurɓa ba. Ya juya fuska bango har rana ta faɗi. Amma da ya ji ƙarar ƙofar shagonka da safe, sai ya ce a miƙo masa tabarau, a sa masa riga." Ta ninke zani, ta sake warware shi. "Ya ce min in ya gama wannan zai huta. Ka ji abin da ya ce? Zai huta."

"Yaya, ai magana ce kawai."

"Na fi ka sanin maganarsa."

"To me kike so in yi?"

"Ka ja ƙafa."

Duk rayuwata faɗan jan ƙafa ake yi min. Uwata ta yi, malamaina sun yi, mai ɗakina tana kan yi, masu jiran layi a shago har sun gaji sun bari. Ranar ce farko da wani ya roƙe ni in yi abin da na fi iyawa. Na kuwa yi shi da gwaninta. Na riƙa zuwa a makare, ina cewa wani mai gemu ne ya riƙe ni. In na zo sai na ba da labarin duk kawunan da na taɓa tun safe. In goge tabarau, in sake gogewa. Ɗinkin da ya kama da kyau in ce bai kwanta min ba, a ɓalle a sake. Abin da za mu yi a wuni ɗaya ya koma na kwana uku.

Manaja ta fara aiko min da shayi mai madara.

Amma ni da nake zaune gaba da gaba da shi ina ganin abin da shayi ba ya ɓoyewa. Wuyan rigarsa yana ƙara faɗi. Ƙafar da ke taka feda ta fara jinkiri: in danna tsinke in jira, in jira, kafin ƙyat ɗin ya zo. Wani lokacin ya rufe ido a tsakiyar layi, in zaci barci ne, sai ya ce, "Na huɗu daga hagu. Kar ka tsallake."

Wata rana da la'asar Auta ta shigo a jiƙe sharkaf, takalmi a hannu, laka har gwiwa. Ta tsaya a ƙofar ɗakin aikin tana ɗiga.

"Baba, kai da Kawu Mai Aski, kafin ku gama babur ɗin nan jariran da na karɓa sun fara tuƙi."

"Laifin injiniyana ne," in ji shi. "Askin kai ɗaya ma wuni yake yi."

"Yau kin riga jaririn ko ya riga ki?" na tambaye ta.

Dariyar ta ɗan ja baya daga fuskarta. "Ya riga ni. Amma Allah ya taimaka, uwar ta sha wuya dai." Ta shigo ta kama hannun uban kamar mai wasa da yatsunsa. Na ga yatsunta biyu sun tsaya a wuyan hannun, idonta a bango. Ta saki, ta ce bari ta sauya kaya.

Shi kuma ya bi sawun ruwan da ta bari a siminti da kallo.

Washegari ya ce in zo da kayan aski, ba aiki tukuna. Na zaunar da shi a baranda, na yafa masa tawul, na kaɗa kumfa. Fuskar da na saba da ita ta koma duk kwari da tudu, sai na riƙa jan fata da yatsa kafin aska ta sami hanya.

Ina ƙarƙashin haɓarsa ya ce, "Mai Aski."

"Kar ka yi magana, aska na wuyanka."

"Shi ya sa na zaɓi yanzu. Ba ka iya gudu." Ya lumshe ido. "Ka daina ja min ƙafa."

"Ni? Haka Allah ya yi ni."

"Na san yadda Allah ya yi ka. Wannan ƙari ne." Ya buɗe ido. "Matar da tun da na aure ta ba ta taɓa taɓa ko ƙusar da ke kan teburin nan ba, rana ɗaya ta tashi da son kwalliya? Kai ma ka yarda?"

Na goge aska a tawul fiye da yadda take buƙata.

"Na gane tun a ranar," ya ce. "Na ba ta mako guda. Ba ni da na biyu."

"Tsoro take ji."

"Ni ma ina ji. Amma duba can." Ya nuna ƙofar ɗakin aikin da haɓa, kumfa na zuba. "Abin nan a buɗe yake. Duk kawunansa a waje. In na tafi na bar shi haka, wa zai taɓa? Kai? Ko ita da jiƙaƙƙen tsummanta? Cokali ɗaya ya faɗa kai, gidan ya tafi. Ga yarinya tana tafiya a laka. Ba aikin ne ke riƙe da ni ba, Mai Aski. Ni ke riƙe da shi, kuma hannuna ya gaji."

"To in ce mata me?"

"Ba kai za ka ce ba. Kai dai ka zo da wuri. Ka ƙarasa min gefen nan, ka bar ni kamar akuyar da aka fasa yankawa."

Tun daga ranar na rufe shago. Na ce wa masu gemu su yi haƙuri, gemu ba ya kashe mutum. Muka ɗinka sauran layukan a kwana biyu. Da ƙafarsa ta gaza, na jawo fedar gabana, shi ya koma cewa "yanzu", ni ina takawa. Muka manna wani ɗan allo da yake kira mai gadi, wanda ke hana kowane layi shan caji fiye da ƙima. Siraran wayoyinsa suna da yawa, kowace da layinta, in ka sauya biyu allon ya ƙone. Ya sa na riƙa nuna masa kowace kafin in manna, yana duba mita, yana gyaɗa kai.

Shayi mai madara ya daina zuwa. Manaja ta daina amsa gaisuwata sai da ka. In na wuce tsakar gida sai in ji bayana ya yi nauyi.

A rana ta uku saura sutura. A naɗe batirin da takarda mai kauri, a zura shi cikin wata shuɗiyar leda mai kauri wadda in ta ji zafi take tsukewa ta kama jiki. Abin hura zafinsa ya daɗe da lalacewa, sai ya ce in ɗauko dirayar shagona.

"Ga ranarta ta zo," ya ce. "Mai sanƙo da abin busar da gashi."

Amma aikin na hannu huɗu ne. Mutum ɗaya ya riƙe bakin ledar kada ta zame, ɗaya ya hura. Ya gwada riƙewa, ledar ta riƙa kaɗawa a hannunsa. Ya saki. Ya zauna yana numfashi. Sannan ya kira, ba da ƙarfi ba.

"Manaja."

Ashe tana bayan ƙofa. Ta fito ta tsaya.

"Zo ki riƙe mana."

Ta dubi abin da ke kan tebur. Ba kiret, ba launi, dunƙule ɗaya kamar bulo.

"Na ƙarshe ke nan?"

"Na ƙarshe ke nan."

"In na ƙi fa?"

"Sai Mai Aski ya riƙe da haƙori. Kin san ba su da yawa."

Ba ta yi dariya ba. Ni ma da aka ci wa mutunci ban yi ba. Sannan ta zare awarwaron hannunta ɗaya bayan ɗaya, ta cire zobe, ta sunkuya ta zuba su a robar, a kan almakashina. Ta zo ta tsaya a gefensa.

"Ina zan kama?"

Ya ɗora hannunsa a kan nata ya kai shi wurin. Bai ɗauke ba. Na kunna diraya. Ledar ta fara tsukewa, tana bin kusurwa, tana lafewa. Ban ɗaga kai ba har muka gama, don aikin yana son ido, kuma don ina jin yadda take jan hanci.

Da Auta ta dawo da yamma, ni da ita muka ɗauki batirin muka zaunar da shi a akwatin da ya tanada a gurbin injin. Ya shiga daidai, ko takarda ba za ta ratsa ba. Aka fito da kujerarsa tsakar gida. Muka kafa babur a kan ƙafar tsakiya, tayar baya a sama. Ya ce ta murɗa totur kaɗan, da ɗan cajin da ke ciki.

Tayar ta motsa. Ta juya, ta ƙara, har wayoyinta suka ɓace. Sai wani siririn kuka kamar na sauro.

"Baba!" in ji Auta. "Baba, ka gani!"

"Ina gani. Saki. Kama birki." Tayar ta tsaya. "Sake."

Ta sake. Ya sa ta yi ta sakewa. Ya jingina kai da kujera yana kallo, bakinsa a ɗan buɗe.

"Ban da gudu a gangara," ya ce mata. "In ruwa ya kai rabin taya ki sauka. Kar ki ba kowa aro, ko da Kawunki ne."

"Ni keke ma ya fi ƙarfina," na ce.

"Shi ya sa."

Saura abu ɗaya, in ji shi. Cajin farko. A hankali ake yinsa, kuma ba a barinsa shi kaɗai, don in akwai ƙwayar da ta yi mana ƙarya, a nan za ta tona kanta. Muka sauko da batirin, muka mayar da shi ɗakin aikin, tare da kujerar.

Da safe bai iya fitowa ba. Na shiga ɗakin kwanansu, karo na farko a duk zamanmu. Yana kwance, an tada kansa da matashi, Auta ba ta je aiki ba. Ya yi min alama na sunkuya.

"Ka jona caja. Fitilarta ja ce. Ka zauna a gabansa, hannunka a kai. Ɗumi ba komai. In ya yi zafin da ba ka iya barin hannu, ka cire, ka fitar da shi fili." Ya tsaya ya nemi numfashi. "In fitilar ta koma kore, a cire. Kafin nan kar ka tashi. Ko me ka ji."

"Ko da an kawo abinci?"

"Musamman."

Na koma ɗakin aikin, na jona caja. 'Yar fitilar ta kama, ja. Na jawo benci na zauna, tafin hannuna a kan shuɗiyar ledar.

Ban taɓa sanin ɗakin nan ba shi ba. Kujerarsa tana nan da matashin da ya lotsa. Tabaransa a kan mita. Rana ta shigo ta taga, ta bi tebur, ta sauka ƙasa. Ta bango ina jin motsinsu: ƙarar kofi, muryar Auta ƙasa-ƙasa, jan kujera. A waje wani ya buga ƙofar shagona ya gaji ya tafi. Batirin ya ɗau ɗumi kaɗan, kamar goshin yaro mai barci, ya tsaya a nan.

Bayan azahar na ji Auta ta ce "Baba," da muryar tambaya. Ta sake cewa, ba da muryar tambaya ba. Sai salatin Manaja, a hankali, tana maimaitawa.

Na miƙe. Na kai har bakin ƙofa. Na waiwayo, fitilar tana nan ja. Na dawo na zauna, na mayar da hannuna. Babban mutum da tumbinsa, maƙwabcinsa ya rasu a bayan bango, shi yana gadin batir yana share hawaye da kafaɗa, don hannu ɗaya na aiki, ɗayan kuma ban san inda zan sa shi ba.

Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba. Na ji an fara shigowa, sallamar mata a tsakar gida, muryar mai ɗakina a cikinsu. Sai ƙofar ta buɗe. Manaja ce, mayafi ya rufe mata rabin fuska.

"Mai Aski, ya tafi."

"Na ji, Yaya. Allah ya jiƙansa. Allah ya ba mu haƙuri."

"Ba ka fito ba."

"Ya ce kar in tashi. Ko me na ji."

Ta dube ni, ta dubi batirin. Gefen bakinta ya ɗan motsa. "Har yanzu shi ke ba da oda."

Ta turo ƙofar, hayaniyar ta koma nesa. Ta tsaya a gaban kujerarsa kamar ba za ta zauna ba, sannan ta zauna, a bakin-baki, ba ta jingina da matashin ba.

"Ya yi zafi?"

"A'a. Lafiya lau yake."

"To me ake jira?"

"Fitilar nan ta koma kore."

Muka zuba mata ido, ni da ita. Wani ya tambaya a waje ina matar gidan, wani ya ce a bar ta. Inuwar taga ta hau ƙafar tebur.

Ba ƙara, ba komai. Ja ce, sai ga ta kore.

Na miƙa hannu wajen soket. Ta ce, "Bari."

Ta tashi da kanta, ta kama kan cajar da yatsu biyu, ta zare. Fitilar ta ɗan jima kafin ta mutu. Ta naɗe wayar a hankali ta ajiye a gefen tabaransa. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kan batirin, daidai inda nawa ya tashi.

"Da sauran ɗumi," ta ce.

A waje ana ta shimfiɗa tabarmi. Ba ta ɗauke hannun ba.